Almakashina a Bayan Littattafan da Ban Karanta Ba

Litinin, 3 ga Fabrairu, bakwai da rabi na safe

Sista Maureen, ma'aikaciyar jinya, ce ta ba ni wannan littafin rubutu. Wai in riƙa rubuta abin da 'yata Bronwyn ta ci da lokacin da ta ci. Na ce, "Sista, ni fa ina ɗan shekara goma sha biyu muka rabu da makaranta, kuma makarantar ce ta yi walima." Ta ce, "Ba gasa aka sa ba, Lyall. Ka rubuta kawai."

To ga shi. Gasasshen burodi yanka biyu da shayi, na ajiye a bakin ƙofa. Shayin ya ragu kamar yatsa biyu. Burodin ya dawo yadda ya tafi.

Yau kwananta goma sha ɗaya a ɗakinta na ƙuruciya. Mijinta Darcy ne ya kawo ta daga birnin Adelaide da jaka ɗaya, ya sha ruwa a tsaye, ya juya. Ban ga laifinsa ba. Shi ma fuskarsa kamar tsumman da aka matse.

Sista ba ta ɓoye mini ba. Duk Juma'a za ta zo da sikeli. In har ƙarshen wata nauyin bai daina sauka ba, za ta kira jirgin likita a kai 'yata asibitin birni, ɓangaren da ake kulle ƙofa. Jirgin nan shi ya ɗauki matata Glenys shekara shida da suka wuce. Takalmanta aka dawo mini da su a leda.

Talata, 4, tsakar rana

Dafaffen ƙwai ɗaya. Kare ya ci.

Laraba, 5, biyar na yamma

Lissafin abinci na mayar da shi bayan littafin, shi zan riƙa nuna wa Sista. Gaban nan nawa ne. Shekara arba'in ina askin tumaki ina zuba musu surutu, ba wadda ta taɓa kai ƙarata. Takarda ma na san ba za ta kai ba.

Na tsaya a ƙofa na yi mata labarin ranar da rago ya jefa abokina Col cikin ramin maganin wankan tumaki. Tun tana aji uku in na yi labarin nan sai ta shaƙe don dariya. Na yi muryar ragon, na yi ta Col. Da na gama na ji gado ya motsa, shi ke nan. Ina jin juyawa ta yi ta ba ƙofar baya. Ko ni ne zan juya.

Gobe motar littattafai za ta zo.

Alhamis, 6, huɗu na yamma

Motar ta tsaya inda ta saba duk bayan sati biyu, gaban gidan waya. Rabona da taka matakalarta tun rasuwar Glenys. Dot mai motar tana zaune bayan ɗan teburinta, ta ƙara jiki, tabarau ya ƙara kauri.

"Ikon Allah," in ji ta. "Babban malami da kansa. Mun ɗauka ka karance mu ne ka gama."

"Lokaci na ba ku ku rubuto sababbi."

Ba ta tambaye ni labarin Bron ba. Duk garin ba mai tambaya, sai dai in tarar da tukunyar miya a baranda ba suna.

Na bi kanta ina buɗe bangon baya na kowane littafi kamar yadda kowa ke yi. Can kowane gida ke sa tambarinsa da fensir in ya gama, irin wanda suke bugawa a buhunan ulunsu, don kada a sake kwaso abin da aka riga aka karanta. Wasu har da sharhi. Matar Pengilly ta rubuta "ƙarya zalla" a bayan kusan rabin motar, kuma ba ta fasa ɗauka ba. Wani ya rubuta "marubucin nan bai taɓa ganin saniya ba." Mu ba mu da gona balle tambari, sai Glenys ta ƙirƙiro mana: 'yar butar shayi tata, almakashi nawa. Na ɗauko uku masu buta. Na ce abin da uwa ta so, ƙila 'ya ta so.

Duka ukun da almakashi kusa da butar. Dot ta leƙa ta ce, "Maimaici za ka yi?" Na ce mai ilimi ba ya gajiya da bita.

Na ɗora su kan tire tare da abinci. Bayan minti goma na leƙo. Abincin na nan, littattafan babu.

Juma'a, 7, goma na safe

Ta ragu da kilo ɗaya. Sista ta ce ni ma in riƙa ci, wai na fara kama da sandar shanya.

Lahadi, 9, tara na safe

Ina jin ƙarar buɗe shafi ta jikin bango. Rabin burodi ya tafi. Sau biyu ina duba ƙarƙashin tire ko faɗuwa ya yi.

Tunda takarda ba ta da baki, bari in faɗa. Almakasan nan duk hannun Glenys ne. Ban taɓa karanta littafi ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Kada a yi mini ƙazafi, na iya karatu. Na karanta farashin ulu, na karanta jikin galan ɗin maganin tsutsa har da ƙananan rubutun da ke cewa kada mutum ya sha. Amma shafi cike da baƙi, kafin in kai ƙarshen layi farkonsa ya gudu. Malaminmu na aji shida yakan tsayar da ni in karanta don 'yan aji su ɗan huta da dariya. Daga nan na gane in dai dole a yi mini dariya, gara ni in fara.

Glenys ta gano ni satin farko da aure. Sai ta riƙa ba ni labarin duk abin da take karantawa, tana wanke-wanke ina goge kwanuka, tana masifa da mutanen ciki kamar maƙwabtanmu ne. "Sakaryar nan komawa za ta yi wurinsa, ka zuba ido." In ta gama ta zana butarta, ta zana almakashina. Ni kuma in zauna a teburin cin abinci in yi ta fashin baƙi ina ƙara gishiri, Bron ta saki baki tana kallona. Ta taɓa gaya wa malamarsu babanta ya karance motar Dot kaf.

Talata, 11, ɗaya na rana

Ta yi magana. Ina ajiye tire sai na ji, "Baba."

Muryar duk ta yi tsatsa. Na ce, "Ranki ya daɗe, bawanki na nan."

"Wannan na matar da ta gudu da mai gyaran agogo. Mama ta tsane ta, ko?"

"Kamar ta shaƙe ta."

"Kai fa?"

Na laluba kaina, na tarar da wanke-wanken shekara ashirin da suka wuce. Na ce, "Ni mijin na tsana. Mutum na da mata irin wannan ya tsaya kiwon tattabaru."

Can ta ce, "Ƙudan zuma yake kiwo, Baba."

"Tsufa ne. Ai duk masu fiffike ne."

Na ji wani ɗan sauti. Ban ce dariya ba ce, amma danginsu ɗaya. Ta ci ƙwai da rabin tumatir. Na rubuta a baya da manyan baƙi.

Juma'a, 14, goma na safe

Sikeli bai motsa ba. Sista ta ce kada in yi rawa tukuna. Na ɗan taka a kicin, kare ne kaɗai shaida.

Asabar, 15, shida na yamma

Darcy ya bugo waya. Wai me zai yi da kayan ɗakin jaririn, mahaifiyarsa na cewa a kwashe kafin Bron ta koma. Na ce ban sani ba. Ya ce da hannunsa ya yi fentin, ruwan ɗorawa, saboda ba su so su san ko mace ce ko namiji ba sai ranar haihuwa. Daga nan muka yi ta sauraron numfashin juna.

Gadon jaririn da na ƙera musu a watan Nuwamba yana sito ƙarƙashin tampol. Sau huɗu na goge katakon don kada sartse ya samu ɗan yatsa. Ɗazu na shiga ɗauko fatanya, na fito ba fatanya.

Litinin, 17, tsakar rana

Ta turo ukun waje, ta gama. Na miƙa mata jaridar manoma, ta turo ta ita ma. Tana da gaskiya.

Alhamis, 20, biyu na rana

Butocin sun yi ƙaranci a motar. An kwashe tsofaffin littattafai da yawa an zuba sababbi masu ƙyalli. Da ƙyar na samu biyu. Dot ta sauka tana taimaka wa tsohuwar matar Kloeden hawa matakala, sai na hango wani kore a kwali ƙarƙashin kujerar direba, bangonsa duk salatif. Na buɗe baya: buta, almakashi. Na ce yawwa. Na zare katin na sa hannu na jefa a akwatinta, na cusa littafin tsakanin biyun. Na taho gida ina fito, wai ni mai wayo.

Alhamis, 20, bakwai saura na yamma

Ba ni ta jefa da koren littafin ba. Ƙofar ta jefa.

Sannan ta buɗe. Karo na farko da na ga fuskarta sosai tun zuwanta. Rigar barcin uwarta ce a jikinta, kuma akwai sauran wurin mutum ɗaya a ciki.

"Almakashinka na ciki," ta ce. "Ka karanta shi. Ka san abin da ke ciki."

"Bron, 'yata..."

"Ina 'yar sha biyar na ɗauke shi a gefen gadon Mama, na karanta kafin ta ƙwace. Na san shi. Me kake son gaya mini? Ba a kaina aka fara ba? In tashi in wanke fuska? Ko da bakinka ba za ka iya faɗa ba, sai ka ajiye mini a ƙofa kamar sammaci?"

Shekara sittin da uku ban taɓa rasa amsa ba. Yau ma ban rasa ba. Na ce, "Koren ne bai yi miki ba? Akwai shuɗi."

Na rantse haka na ce.

Ta rufe ƙofar a hankali. Da ta buga ta da ya fi mini.

Juma'a, 21, goma na safe

Wani kilo ɗaya ya tafi. Sista ta tambaya me ya faru. Na ce zafi ne.

Asabar, 22, tsakar rana

Tire ya tafi, tire ya dawo. Ko shayin.

Asabar, 22, biyar na yamma

Col ya kawo kifi biyu, muka zauna a baranda. Na ba shi labari.

"To me ke cikin littafin?"

"Ina na sani?"

"Sai ka ce mata ba ka sani ba."

"Almakashina fa na ciki."

Ya dube ni ya daɗe. Sai ya ce, "Kai tsohon banza. Kana nufin har yau kana ganin ba a sani ba? Kai da ko sunan giya za ka karanta sai leɓenka ya motsa? Duk wanda ya taɓa aski kusa da kai ya sani. Saboda Glenys muka yi shiru, ba don kyan fuskarka ba."

"Har da Dot?"

"Dot ta san zanen Glenys kamar tafin hannunta. Mutum ɗaya ce a jihar nan ba ta sani ba, ga ta can a ɗaki."

Na ce ya tafi da kifinsa. Ya bar su.

Lahadi, 23, goma sha ɗaya na safe

Na jawo kujera bakin ƙofa na faɗa mata duka. Malamin aji shida, wanke-wanke, almakasai. Ban sa wasa ko ɗaya ba, ya zama kamar tafiya ba wando.

Sai ta ce, "Har wanda muka yi kuka tare? Na dokin nan?"

"Har shi. Kukan dai nawa ne."

"Mama ma ƙarya ta yi mini ke nan."

"Ni ta rufa wa asiri."

"Duk wanda na ɗauko na ga almakashi, sai in ce Baba ya bi ta nan. In wurin ya yi ban tsoro sai in ce ai Baba ya wuce lafiya." Ta yi tari. "Ashe ni kaɗai ce a ciki. Tafi, Baba."

Na ɗauka gaskiya za ta buɗe ƙofa. Tire ya tafi, tire ya dawo.

Koren yana kan teburin kicin. Tunda ni na kawo masifar, ya kamata in san kamanninta.

Litinin, 24, shida na yamma

Shafi goma sha ɗaya tun safe. Na sa rula ƙarƙashin layi don kada ya gudu. Labarin matar wani mai gadin tashar jirgin ƙasa ne a tsakiyar daji, ba kowa sai su biyu da tankin ruwa. Shafi huɗu cur ana kwatanta labule. Da ina da fensir kusa da na taya matar Pengilly.

Ruwa kofi ɗaya ta sha.

Talata, 25, biyar na yamma

Shafi na talatin. Wadda ta rubuta wannan ta san zafin rana, ba a birni ta ji labarinsa ba. Mijin mai barkwanci ne. Duk lokacin da matar ta buɗe baki za ta yi maganar kirki sai ya yi muryar akuya. Na ji kaina ina ce masa, "Kai dalla rufe mana baki ka saurare ta." Kare ya ɗago ya dube ni.

Laraba, 26, tsakar rana

Shafi na hamsin da biyu. Matar ta fara saƙa ƙananan safa na jariri. Na rufe na fita na shayar da tumatir sau biyu. Na ga inda layin dogon nan ya nufa.

Alhamis, 27, safe

Tire ya tafi, tire ya dawo.

Juma'a, 28, goma sha ɗaya na safe

Sista ba ta gaya mini lambar ba, ni ma ban tambaya ba. Ta zauna a kicin ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Ta ce Talata, ƙarfe tara, a filin jirgi.

Na ce, "Ki ƙara mini sati ɗaya, Sista. Na iya sa tunkiya mai taurin kai ta ci."

"Ba tunkiya ba ce, Lyall. Zuciyarta na bugawa kamar ta tsuntsu. In na ƙara maka sati, ƙila ba jirgi zan kira ba."

Ban samu abin dariya a ciki ba. Na nema.

Asabar, 1 ga Maris, uku na rana

Shafi na tamanin da takwas.

Ba zan rubuta abin da ke ciki ba. Rabin shafi ne kawai. Mijin yana can gyaran layi, ya dawo bayan kwana huɗu ya tarar an riga an wanke komai an shanya, ƙananan safan kuma ba mai sa su. Ya tsaya a ƙofa da hula a hannu, ya ce yau me aka dafa.

Sai da na gama na lura da gefen shafin. Tambura ne da fensir, jere daga sama zuwa ƙasa, a inda ba a sa tambari. Guda takwas. Wasu sun dushe, wasu hannu ya danna har ya kusa huda takardar. Ba sharhi ko ɗaya, sai shekara a ƙarƙashin kowanne.

Shafi yana ba ni wuya, amma tambarin ulu ko a cikin barci na san shi. Da'ira mai kibiya, gidan Kloeden, matar da ke kawo mana kek ƙarfe goma a rumfar aski tana zaginmu kan takalma. Layi biyu da tauraro, gidan O'Loughlin. Na gidan Heinrich har sau biyu, shekara ɗaya tsakani. Na matar Pengilly, wadda komai ƙarya ne a wurinta, nan ba ta ce ƙarya ba. Duk na yi aski a gidajen nan. Na ci abincin matan nan, na yi musu muryar rago, sun yi dariya.

Ta biyar daga sama buta ce. 1966.

Ba almakashi kusa da ita. Wannan shafin ba ta taɓa ba ni labarinsa a wurin wanke-wanke ba. Ina gidan Heinrich a lokacin, tumaki dubu biyu, na dawo bayan kwana biyar. Ban tuna abin da na ce a ƙofa ba. Ƙarya nake, na tuna.

Lahadi, 2, goma na safe

Na buga wa Dot waya a gida.

"Ni ne ɓarawon koren."

"Na ga katin, ɗan banza. Na yi ta kiran gidanka ranar, kana can wurin tumatir ko ina. Wa ka ba?"

Na gaya mata. Na ji ta ja numfashi.

Ta ce tun shekara goma da suka wuce aka ce ta jefar da shi, ta ɓoye. Ba ta ɗora shi kan kanta. In wata mace ta rasa jariri, sai ta jira wata shida, wani lokaci shekara, har matar ta hau motar da ƙafarta, sannan ta sa mata shi a ƙasan jaka ba magana. Haka wadda ta riƙe motar kafin ita take yi.

"Ba a ba da shi a wata na farko, Lyall. Kuma ba a ba namiji."

"Na karanta shi, Dot. Har tamanin da takwas. Da kaina."

Sannan ta ce, "To ka makara da shekara talatin, amma sannu da zuwa."

Litinin, 3, huɗu na yamma

Na sake jawo kujera. Na ce, "Bron, ba wasa na zo yi ba, kuma ba cewa zan yi ki ci ba. Na kai wurin."

"Wane wuri?"

"Tamanin da takwas. Kwana shida ya ɗauke ni. Kin ga zanen da ke gefe lokacin da kika karanta?"

"Na gani. Na ɗauka yara ne suka ɓata shi."

Na karanta mata su ɗaya bayan ɗaya, gida da shekara, kamar ina kiran buhuna a bakin mota. Ta san su duka. Matar O'Loughlin ce ta koya mata iyo. Da na zo ta biyar na tsaya.

"Ci gaba," in ji ta.

Na ci gaba. Na gaya mata labarin ɗan da muka rasa shekara biyu kafin a haife ta. Ba zan rubuta shi nan ba. Ta tambaya ko an sa masa suna. Na faɗa mata. Rabon da in furta shi tun a bakin kabarinsa, kuma ya fito daidai, bai yi tsatsa ba.

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Uwarki ta gaya wa littafi. Ni kuma na yi muryar rago."

"Kai me ka ce mata da ka dawo?"

"Abin da sakaran cikin littafin ya ce. Kusan kalma da kalma."

Na ji ta sauko daga gado, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofar. Katako ne kawai tsakanin bayanta da gwiwata. Ta faɗi wani suna ita ma, na mace, na 'yar da ta rasa. Ban taɓa jin sa ba, ko Darcy bai faɗa mini ba. Na maimaita don ta ji ya shiga kunnen wani.

Can ƙofar ta buɗe kamar faɗin hannu. "Ba ni shi. Da fensir."

Na ce, "In kin ɗan taɓa miya, ƙila Sista ta..."

"Baba. Na gwada ɗazu, ya ƙi wucewa. Ba taurin kai ba ne. Zan je. Ba ɗaukata za a yi ba, zuwa zan yi." Ta riƙe yatsana ta cikin ƙofar. Hannun kamar ƙirare. "Ba jirgin ne ya kashe Mama ba."

Talata, 4, goma sha ɗaya na safe

Ta taka da ƙafarta daga mota zuwa jirgi, Sista na gefe ɗaya ina gefe ɗaya. Taku ashirin da shida. Sun fito da gadon ɗaukar marasa lafiya, ta ce su mayar. Koren yana ƙarƙashin hammatarta. Na ce Dot za ta yanka ni. Ta ce, "Inda za ni ma akwai mata."

Ban ga abin da ta zana ba.

Na tsaya har ƙarar ta ɓace. Col ne ya tuƙo ni gida.

Laraba, 5, bakwai da rabi na safe

Na gasa burodi yanka biyu na ɗora a tire kafin in tuna.

Alhamis, 6, uku na rana

Na mayar wa Dot biyu, na ce na ukun ya tafi Adelaide. Ta cire tabarau ta goge. Ta ce wannan ba a rubuta masa ranar dawowa.

Matar Kloeden na tsaye a kanta ta ƙarshe da sandarta. Na cire hula na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Lafiyarka kuwa? Yau ba iskanci?" Na ce yau babu, Mama. Ta ƙara dubana, ta ɗan daɗe, sannan ta mayar da ido kan littafinta.

Juma'a, 7, tsakar rana

Na buga waya asibitin. Sun ce tana barci. Darcy na wurin.

Asabar, 8, ɗaya da rabi na rana

Na sake bugawa. Wata ma'aikaciya ta ɗauka, da jin muryarta yarinya ce kuma tana sauri. Ta ce an sa mata ruwa a hannu, likita bai ce komai ba tukuna, amma da rana ta sha rabin kwanon romo da kanta.

Na ce, "Romon me?"

Ta ce ba ta sani ba, yallaɓai, romo ne dai.

Na ce, "'Yata, je ki dubo mini. Rubutawa nake yi. Ina nan riƙe da wayar."